Iska Na Wahalar Da Mai Kayan Kara: Ƙaramin Jirgin Sama Da Iskar Sahara

  

Yau maganar sama za mu yi. Mai kiwo ya fi kowa ganin ƙananan jiragen nan masu farfela guda a hanci, waɗanda ke wucewa ƙasa-ƙasa har shanu su ɗaga kai. Wani likita ya ɗauko, wani ma'aikatan agaji, wani feshin fari ya zo yi, wani kuma na mai kuɗi ne da ke tuƙa abinsa da kansa. In ana iska sai ka ga jirgin yana tafe a karkace, hancinsa na duban wani wuri, shi kuma yana nufar wani wuri. Me ke faruwa a ciki? Me matuƙin ke lissafawa? In kuma ya faɗo kusa da garkenku, me ya kamata a yi? Abin da za mu tattauna ke nan.

Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. To a sararin sama, ƙaramin jirgi shi ne mai kayan kara. Mu ɗauki wanda ake kira Cessna 172, wanda aka soma sayarwa a 1956, kuma babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya, sama da 44,000. Kujera huɗu gare shi. Nauyinsa duka, da mutane da mai da kaya, bai wuce kilo 1,100 da 'yan kai ba, wato buhun masara goma sha ɗaya. Tankinsa na cin mai wajen lita 200, yana shan kamar lita 35 a awa, yana gudun kilomita 200 zuwa 220. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu yi aiki da su.

Iskar gaba, iskar baya, iskar gefe

Abu na farko da za a gane shi ne, jirgi ba ya taka ƙasa kamar mota. Cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a kogi. In kogin na tafiya, da kwalekwalen yake tafiya. Matuƙi na iya duba agogon gudu ya ga 200, alhali a ƙasa abin da yake ci bai kai haka ba.

Ga misali. Daga Yamai zuwa Agadas, in an miƙe sak ta sama, wajen kilomita 740 ne, kuma arewa maso gabas za ka fuskanta, wato daidai inda iskar hunturu ke fitowa. Ranar da babu iska, jirgi mai gudun 200 zai kai cikin awa uku da minti arba'in, ya sauka da sauran man awa biyu a tanki. To a ce iskar gaba tana busawa da ƙarfin kilomita 50 a awa. Gudunsa a ƙasa ya koma 150, tafiya ta zama kusan awa biyar, abin da zai saura a tanki na minti arba'in da biyar ne. In iskar ta ƙaru zuwa 70, ana hango garin injin zai ɗauke. Kun ji fa. Jirgi ɗaya, mai ɗaya, hanya ɗaya, amma iska kaɗai ta cinye awa biyu. Kuma a sama babu ɗan bumburutu da za ka tsaya ka sayi galan guda.

Wani zai ce, ai in ya juyo iskar za ta biya shi. 'Yan kasuwa ku zo mu yi lissafi. A dawowa gudunsa 250, tafiyar awa uku ce. Ya ci ribar minti arba'in da 'yan kai, amma a zuwa ya yi asarar awa ɗaya da kwata. Dalili kuwa, iskar gaba ta fi daɗewa tana cin ka, tunda a cikinta ka fi jimawa. Iska ba ta biyan bashinta cif.

Sai iskar gefe. Duk wanda ya taɓa ƙetarar da shanu a kogi lokacin da ruwa ya kawo ya san ba a shiga daidai saitin mafita. Sama kaɗan ake shiga, don ruwa zai janye dabba ƙasa. Haka jirgi. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 370 ne, tafiyar kusan awa biyu, iskar hunturu kuma ta hannun dama take dukan jirgi. In ƙarfinta kilomita 40 ne a awa, matuƙi kuma ya miƙe hanci sak bai gyara ba, zai tsinci kansa wajen kilomita 70 yamma da garin, cikin fili fetal. Shi ya sa yake karkata hanci wajen da iska ke fitowa, jirgin ya riƙa tafiya kamar ƙaguwa. Matuƙa na da wani ƙiyasi: kuskuren digiri ɗaya a kamfas yana kautar da kai kilomita ɗaya a kowace tafiyar kilomita 60. Yanzu akwai na'urar GPS da ke nuna wa matuƙi inda yake, ta sauƙaƙa wannan ƙwarai. Amma GPS ba ta ƙara mai a tanki.

Gargadar sama

Sama ma tana da gargada, kuma iri uku ce.

Ta farko zafin rana ke kawo ta. In rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi sai ta riƙa tashi sama ginshiƙi-ginshiƙi, a gefenta kuma wata na sauka. Kun ga yadda ungulu da shirwa ke shawagi da rana tsaka ba tare da kaɗa fiffike ba? Wannan iskar ce suke hawa. Guguwar da ke murɗa kara da leda a bazara ita ma ɗiyarta ce. Jirgi in ya ratsa nan, sai a ɗaga shi a sake shi, wanda bai ɗaura bel ba kansa ya bugi rufi. Shi ya sa masu ƙananan jirage ke son sammako, su sauka kafin azahar.

Sai dai hunturu na da nasa makirci. Da asuba ƙasa shiru, ganye ba ya motsi, alhali 'yan mitoci ɗari sama da kai iska mai ƙarfi ce ke gudu tun cikin dare. Da hantsi, in rana ta soma zafi, sai ta sauko ƙasa. Makiyaya kun san wannan, ita ce iskar da ke tashi wajen ƙarfe tara ko goma ta hana yaro riƙe hula. Matuƙin da ya ga shiru a fili ya ce yau babu iska, yana tashi zai iske ta tana jiransa.

Gargada ta biyu ta duwatsu ce. Iska in ta bugi dutse sai ta hau, in ta ƙetare sai ta zubo ƙasa tana birgima, kamar ruwa a bayan dutsen kogi. Dutsen Bagzan a Abzin ya haura mita 2,000. A bayan irinsa, ko a bayan tsaunukan Mandara na iyakar Kamaru da Najeriya, iska mai saukowa tana iya fin ƙarfin hawan ƙaramin jirgi. Injin na kuka iya ƙarfinsa, hanci na sama, amma jirgin ƙasa yake yi. Don haka gwanaye kan hau sama sosai tun da nisa, kuma su nufi tsauni a karkace, yadda in abin ya ƙi za su iya juyawa da sauri.

Me matuƙi ke yi in ya shiga gargada? Yana rage gudu, kamar yadda direban kirki ke ɗaga ƙafa in ya iske ramuka. Kowane jirgi akwai gudun da kamfani ya rubuta kada a wuce shi cikin gargada, don duka mai ƙarfi bisa gudu mai yawa na iya lanƙwasa fiffike. Ba ya kokawa da jirgin, in iska ta ɗaga shi ya bar ta, in ta sauke shi ya bar ta, abin da yake tsarewa kawai fikafikai su zauna daidai. Kaya kuma tun a ƙasa ake ɗaure su tam, don akwatin kilo 20 in ya tashi cikin jirgi ya zama makami.

Gargada ta uku ita ce ta hadari, ita ce kuma mai kisa. Hadarin ƙasashenmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, sau da yawa a jere kamar bango mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Kafin ruwa ya sauko, iska mai sanyi ce ke riga shi isowa, ta ɗebo jar ƙura ta tokare sama. Kan gajimaren hadari na kaiwa kilomita 15 a sama, ƙaramin jirgi kuwa da kyar yake wuce kilomita 4. Ba ya iya haye shi, in ya yi tsawo ba ya iya kewaye shi, a cikinsa kuma akwai iskar da ke iya karya jirgi, ga ƙanƙara, ga tsawa. Ana koya wa matuƙa su nisanci babban hadari da kilomita 37 ko fiye. Dabara ɗaya ce: a juya, a sauka, a ɗaure jirgi da igiya a fikafikai da wutsiya, a jira ya wuce. Yadda mai garke ke tattara dabbobi in ya ga gabas ta haɗe, haka nan.

Hazo

A arewacin Cadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki ne wanda Tafkin Cadi na yau ragowarsa ne. Iskar arewa maso gabas na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta share wannan kwari, ta ɗebi farar ƙura mai laushi kamar gari. Masana na lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Bayan kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso Damagaram da Kano. Babban rabo na hazon da muke sha daga Nuwamba zuwa Maris daga can yake.

Yawancin masu ƙananan jirage da ido suke tuƙi, wato suna duban ƙasa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Ƙa'idar irin wannan tuƙi tana son a iya hangen aƙalla kilomita 5. Hazo mai kauri kuwa yana rage gani ya koma ƙasa da kilomita ɗaya, har manyan jirage su fasa sauka. Matuƙi in ya leƙa ƙasa daidai ƙarƙashinsa zai ga gona da bukka, sai ya ce ai ana gani. In ya duba gaba kuwa, fari fat.

Nan ne jikin ɗan Adam ke yaudararsa. Abin da ke gaya mana muna tsaye ko mun karkata yana can cikin kunne, kuma in ido bai taimake shi ba, ruɗewa yake yi. Jirgi na iya karkata sannu a hankali, matuƙi na jin kamar daidai yake zaune, har hanci ya sunkuya ya shiga murɗawa zuwa ƙasa. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agogunan jirgi zalla ba. Aka rufe musu ganin waje, da malami a gefe don tsaro. Dukansu jirgin ya kufce musu, kuma in an raba daidai, cikin sakan 178 ne, bai cika minti uku ba. Maganin abin shi ne horo na musamman, inda mutum ke koyon ƙaryata jikinsa ya gaskata agogo. Wanda bai da wannan horo, hazo ba wurinsa ba ne.

Tashi da sauka

Jirgi iska yake fuskanta in zai tashi, ita yake fuskanta in zai sauka, kamar yadda tsuntsu ke yi. Wannan jan kyalle mai kama da hannun riga da kuke gani bisa sanda a filin jirgi, shi ke nuna inda iska ta fito da ƙarfinta. A filin daji da babu shi, matuƙi kan duba hayaƙin girki ko ƙurar garke. Wahala ita ce in iska ta gicciye titin. Ƙarfin iskar gefe da kamfanin Cessna ya gwada wannan jirgi da ita wajen sauka kilomita 28 ne a awa. Dole matuƙi ya sunkuyar da fiffiken da ke wajen iska, ya miƙe hanci da ƙafa, ya fara dira da taya guda. In bai zauna daidai ba, sai ya ƙara wuta ya sake tashi ya kewayo. In kun ga jirgi ya kusa taɓa ƙasa ya sake tashi, kada ku ce bai iya ba. Sau da yawa wannan shi ne gwanin.

Zafi ma na da nasa. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela ba su samun abin kamawa sosai, injin ma ƙarfinsa na raguwa. Agadas tana wajen mita 500 bisa teku, amma ranar da zafi ya kai digiri 45, jirgi ji yake kamar daga tudun mita 1,700 yake tashi. Yana buƙatar titi mai tsawo, yana hawa da kyar. Ga shi in an cika tanki, abin da ya saura wa mutane da kaya bai wuce kilo 250 ba sosai. Mota in an yi mata lodi fiye da kima tana tafiya da nishi. Jirgi kuwa sai titi ya ƙare bai tashi ba.

Labarin Kyaftin Lancaster

Bari mu ga yadda waɗannan abubuwa ke haɗuwa bisa mutum guda. A 1933 wani matuƙi ɗan Ingila, Bill Lancaster, ya ɗaura niyyar karya tarihin gudu daga Ingila zuwa Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Wata mata, Amy Johnson, ke riƙe da tarihin tun Nuwamba 1932: kwana 4 da awa 6 da minti 54. Jirginsa ƙarami ne, Avro Avian, mai fikafikai sama da ƙasa da aka lulluɓe da kyalle, kuma bai kai nata gudu ba. Ke nan ba shi da inda zai rage lokaci sai a barci da hutu.

Ya tashi ranar 11 ga Afrilu. Tun a Turai iskar gaba ta soma cinye masa lokaci da mai. Ya ƙetare teku zuwa Oran a Aljeriya, ya ci gaba cikin dare, ya yi ɓatan kai a kudancin ƙasar cikin iskar rairayi, sai ranar 12 ga wata ya isa Reggan, zangon ƙarshe kafin Tanezruft, hamadar da Buzaye da Larabawa ke tsoro don rashin ruwanta. Ya makara da wajen awa goma bisa lissafinsa, ya yi kusan awa talatin babu barcin kirki. Gabansa Gao ce, sama da kilomita 1,100 kudu, sawun motoci ake bi. Jirginsa ba shi da fitilar duba kamfas. Ma'aikatan zangon suka ba shi shawara ya kwana. Ya ƙi. Suka ba shi tocila da ashana, ya tashi gab da magariba.

Bai cika awa biyu ba injin ya tsaya. Ya yi ƙoƙarin sauka cikin duhu, jirgin ya kife, ya ji rauni a fuska. Ruwan da ke tare da shi galan biyu ne, wajen lita tara. Ya yanke shawarar zama wurin jirgin, yana fakewa a inuwar fiffike da rana, yana shan kamar rabin lita a yini, da dare yana yago kyallen jirgin yana ƙonawa ko wani zai hango. An fita nemansa da mota da jirgi, amma masu neman sun fi mai da hankali can kudu wajen Gao, shi kuma ga shi ya kauce daga sawun motoci. Kullum yana rubuta abin da ke faruwa a littafin jirginsa. Rubutun ƙarshe na ranar 20 ga Afrilu ne, kwana takwas da faɗuwarsa. Sai ranar 12 ga Fabrairu 1962, bayan shekara 29, sojojin Faransa masu sintiri suka iske jirgin, da gawarsa a gefe, da littafin ɗaure a fiffike. Ragowar jirgin yanzu tana gidan tarihi na Queensland a Ostireliya.

Jama'a ku duba da kyau. Lalacewar inji ce ta sauko da shi, gaskiya ne. Amma inji na lalacewa da rana a sauka lafiya. Abin da ya mai da ita ajali jerin abubuwa ne: iska ta ci lokaci, rashin lokaci ya hana barci, gaggawa ta sa aka shiga dare, dare ya ɓoye ƙasa da hanya, ruwa kuma kaɗan. A Reggan akwai gado, akwai masu ce masa ya kwana. Da ya kwana, tarihin gudu ne kawai zai rasa.

Dattawan Agadas ba su manta da Thierry Sabine ba, mai shirya tseren motoci na Paris zuwa Dakar. Ranar 14 ga Janairu 1986, jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gurma Rarus a Mali, da duhu, ana iskar rairayi, mutum biyar suka rasu. Iska, duhu, da son a isa yau.

Akwai kuma wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo. A ƙarshen Disamba 1935, marubucin nan na Faransa Saint-Exupéry da makanikensa suna tseren Paris zuwa Saigon, cikin dare da gajimare suka kasa sanin inda iska ta kai su, suka sauko neman fitilun Masar, suka bugi tudu a hamada. Sun yi kwana uku suna yawo da ƙishirwa. A rana ta huɗu wani Balaraben daji mai raƙumi ya iske su ya ba su ruwa. Da babu mai raƙumin nan, da duniya ba ta karanta littattafan da ya rubuta daga baya ba.

Abin da ya sauya, da abin da bai sauya ba

Yau matuƙi na da gatan da Lancaster bai samu ba. Kafin ya tashi yana karɓar rahoton yanayi na filin da zai bari, da wanda za shi, da ƙarfin iska a kowane tsayi. A Nijar, Cadi, Kamaru da Benin hukumar ASECNA ce ke kula da sararin sama, wadda aka kafa a 1959. A Najeriya NiMet ke ba da rahoton yanayi. Yana ajiye takardar tafiya mai nuna hanyarsa, lokacin isarsa da yawan mansa, in bai iso ba a san inda za a nema. Yana zaɓen filin da zai koma in na gaba ya rufe, kuma doka ta tilasta masa ya bar man ko-ta-kwana na aƙalla rabin awa. Jirgin na ɗauke da wata 'yar na'ura da ke aika kira ta tauraron ɗan Adam in ya bugi ƙasa.

Abin da bai sauya ba shi ne zuciyar mutum. Har yau ana samun matuƙin da ya ga hazo, ya ga iska, amma ya tashi don mai gida na jira, ko ɗaurin aure ne gobe, ko kunyar a ce ya ji tsoro. Mu ma nan ƙasa mun san wannan ciwo. Alhaji mai kaya na matsa wa direba ya shiga dare don kasuwar gobe, direba kuma bai runtsa ba tun jiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Madugun ayarin Bilma in ya ga iska ta taso, durƙusar da raƙuma yake yi a jira, ba wanda ke ce masa rago.

Darasin takardar tafiya ma namu ne. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Allah ya jiƙansu. Mai shiga hamada ya gaya wa wani hanyar da zai bi da ranar da zai isa, kada ya sauya hanya a ɓoye, ya ɗauki ruwan da ya fi lissafinsa. Zama wurin mota ko jirgi shi ya fi, don daga sama an fi hango mota bisa mutum, ga inuwa. Amma amfanin zaman yana cika ne in akwai wanda ya san inda zai neme ka.

In jirgi ya zo wurinku

Iyayena makiyaya, ga roƙo. Filin jirgi na daji wuri ne shimfiɗaɗɗe mai ciyawa, dabba na sonsa. In kun ga ƙaramin jirgi ya yi ƙasa-ƙasa bisa filin ya wuce ya sake kewayowa, dubawa yake yi, kuma roƙonku yake a janye dabbobi. A kore su gefe da nisa, a riƙe yara. Mai yiwuwa iska ta riga ta cinye masa mai, ba shi da na kewaye uku. Kada a kafa turke, ko a tara duwatsun murhu, ko a haƙa rami a kan titin.

In ya sauka, kada kowa ya matsa sai farfela ta tsaya cik. Farfela mai juyawa ba a ganinta, kuma ba ta barin wanda ta taɓa. Ko ta tsaya kada a taɓa ta, don juya ta da hannu na iya tayar da injin.

In kuwa faɗowa ya yi, a kashe taba, a nisanta wuta, don man jirgi na kamawa nan take. A tunkare shi ta wajen da iska ke fitowa. In akwai hayaƙi ko mai na zuba, a fitar da mutane da sauri a kai su nesa. In babu, wanda ke kukan wuya ko baya a bar shi yadda yake, a yi masa inuwa, a danne inda jini ke zuba da tsabtataccen kyalle. Mai ƙishirwa da ke cikin hayyacinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai. A aika wa ardo ko mai gari, a sanar da jandarma ko 'yan sanda da likita mafi kusa, a faɗi sunan rijiya ko dutsen da ke kusa. Kada a ɗauki ko ƙusa daga jikin jirgin, masu bincike da ita za su gano dalili. In kuma jirgin na soja ne, ko irin marar matuƙin nan, a tsaya nesa a kai rahoto kawai, don yana iya ɗauke da abin fashewa.

To jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba farashin dabbobi da na hatsi a kasuwannin iyaka, da halin da burtali ke ciki bayan girbi. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko ta hannun wakilinmu na kasuwarku. Masu tafiya Allah ya kiyaye hanya, masu kiwo Allah ya albarkaci garke.